Tsakanin La'asar da Magariba: Yadda Ake Gina Juriya da Shugabanci a Yaran Zango 'Yan Wasa

A Kumasi ta ƙasar Ghana rana ba ta cika sauya lokacin faɗuwarta ba. Rani da damina, wajen ƙarfe shida ake kiran magariba. La'asar kuwa wajen uku da rabi ake yin ta. Wannan tazara ta kamar awa biyu da rabi ita ce duk abin da kocin ƙwallo yake da shi a Aboabo, Asawase, Sawaba ko zangon Tafo. Yaron da zai zo masa ya tashi tun asuba, ya ɗebo ruwa ko ya kai wa uwarsa tukunyar koko bakin titi, ya yini a aji har ƙarfe biyu ko uku, Asabar da Lahadi kuma yana gaban malam da allo ko littafi. Ban da iyayensa, iyayen gida uku gare shi: malamin boko, malamin makaranta, da koci. Kowannensu na ganin yaron nasa ne, kuma da wuya ka ji an ce su ukun sun taɓa zama a tabarma ɗaya a kan maganarsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa irin wannan yaro sai an ƙara masa wahala zai yi ƙwari. Wahala ai tun daga gida ya taho da ita. Abin da ya rasa shi ne wahalar da aka auna, wadda hutu ke bin bayanta, da wani babba da zai tsaya kansa bayan ya faɗi ya nuna masa inda ƙafarsa ta zame. Tsallen kwaɗo hamsin don an ci su biyu da nema, ko zagaye fili goma cikin rana, tsoron kuskure kawai suke dasawa. Yaro mai tsoron kuskure kuwa ba shi da wuyar ganewa a fili: ba ya neman ƙwallo, yana laɓewa bayan abokin karawa don kada a ba shi, in kuwa ta zo masa sai ya narka ta gaba ya huta da ita.

A fara da lissafin awoyi, domin ta nan yawancin ɓarna ke shigowa. Ɗan shekara 12 mai ƙafa yakan kasance yana buga wa ƙungiya uku: ta makarantarsu, ta kolts (ƙungiyoyin ƙananan yara masu rajista), da ta unguwa mai shiga gala, wato gasar yini ɗaya, ranar Lahadi. Kowane koci gani yake nasa atisayen bai taka kara ya karya ba. To, a tara. Atisaye huɗu na minti 90, awa shida ke nan. Na makaranta biyu masu awa ɗaiɗai, takwas. Wasan Asabar, tara da rabi. Gala, inda ake buga wasa uku ko huɗu a yini guda, ta kai shi sha uku, kuma babu ranar hutu ko ɗaya. Ƙa'idar da likitocin wasannin yara ke bayarwa mai sauƙin riƙewa ce: awoyin atisaye da gasa a mako kada su haura shekarun yaron, kuma ya samu yini ɗaya ko biyu da ba zai yi atisaye ba sam.

Littafin rubutu ɗaya ya isa a bi diddigin wannan. Bayan an tashi da kamar minti 20, a tambayi kowane yaro daga ɗaya zuwa goma nawa gajiyar yau. A keɓe za a tambaye shi, don a gaban 'yan'uwansa kowa cewa zai yi bai gaji ba. A ninka lambar da mintocin atisayen: minti 90 sau shida, 540. A tara na mako. Jimlar wannan makon kada ta ɗara ta makon jiya da abin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin goma. Wurare biyu wannan lissafi ke karyewa kullum: makon da aka dawo daga dogon hutu, da kuma mako biyu kafin Inter-Co, wato gasar tsere tsakanin makarantu, lokacin da malamin wasanni ke tuna cewa akwai tsere a filin Baba Yara, sai ya fito da yara safe da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsokar bayan cinya da ƙashin ƙwauri su ke biyan wannan bashin. Mai tseren mita 400 ko 800 yana buƙatar mako shida zuwa takwas ana hawa da shi a hankali. Makarantun da ake jin sunansu a Super Zonals, babbar gasar tseren makarantun sakandaren yankin, kowace shekara, irin su T.I. Ahmadiyya da Prempeh da Opoku Ware, ba ranar gasa suke fara sanin 'yan tserensu ba.

Sai maganar tsawo. 'Yan mata sukan yi saurin miƙewa wajen shekara 11 zuwa 12, maza 13 zuwa 14, kuma a wannan shekarar yaro na iya ƙara santimita takwas zuwa goma. Ƙashi ke riga tsoka da jijiya tsawo, shi ya sa ake samun ciwon nan na ƙasan ƙoƙon gwiwa, inda wani ɗan tudu ke kumbura a saman ƙwauri, wanda likitoci ke kira Osgood-Schlatter, da kuma ciwon diddige. A sami bango mai kyau da tef ɗin tela, a auna kowa duk wata uku, ba takalmi, a rubuta. Wanda ya ƙara santimita biyu ko fiye a wata uku, a rage masa tsalle da gudun ƙure ƙarfi a kan ƙasa mai tauri, a ƙara masa miƙe jiki da wasa da ƙwallo a ƙafa. A wannan lokacin ne yaron da ya iya ƙwallo bara ke zama kamar an aro masa ƙafafu: ƙwallo na zille masa, yana tuntuɓe da kansa. Kocin da bai sani ba sai ya ce lalaci ne ko girman kai, ya jefa shi benci. Wanda ya sani zai ce masa: jikinka ne ke sauyawa, nan da 'yan watanni za ta dawo maka. Wannan jimla ɗaya ta hana yara da yawa barin wasa.

Ɗumama jiki ma ba zagaye fili biyu ba ne a tsaya. Tsarin da FIFA ta fitar mai suna 11+ minti 20 ne: takwas na gudu a hankali da sauya alƙibla, goma na ƙarfafa cinya da ciki da tsayuwa a ƙafa ɗaya da koyon dira daga tsalle, biyu na gudu mai sauri. Daga shekara 14 ake yin sa, aƙalla sau biyu a mako, kuma bincike ya nuna yana rage rauni da kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai na ƙananan yara daban. Ba ya cin ko kwabo.

Akwai abubuwa uku da bai kamata a kira su juriya ba ko da wasa. Yaron da ya bugu a ka, ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya kasa faɗin wa ke cin wasan, ya gama na ranar ke nan ko da ya rantse ya warke. Asibiti, hutun kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a dawo da shi mataki-mataki da izinin likita. Mai zazzaɓin cizon sauro ya gama maganinsa na kwana uku, zazzaɓin ya sauka, ya koma cin abinci sosai, kafin ya taka fili. Na uku sikila. Tun 1995 ake gwajin jarirai a Kumasi, kuma kusan biyu cikin ɗari na yaran da ake haifa a Ghana da cutar suke zuwa, masu ɗauke da rabin jininta kuwa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Koci ya san rukunin jinin kowane yaro, wato ko yana ɗauke da sikila ko rabin jininta, tun ranar rajista. Mai rabin jinin yana wasa lafiya lau, amma zafin rana da ƙishirwa da gudun da ba hutu na iya kayar da shi, don haka in ya ce ƙafafunsa sun mutu ko numfashi ya gagara, a tsayar da shi nan take.

Ruwa da abinci ba sai an tsawaita ba. Ledar ruwa rabin lita ce: ɗaya awa guda ko biyu kafin a fara, kurɓi duk minti 15 zuwa 20, sannan bayan an tashi. In akwai sikeli, kilo ɗaya da yaro ya rasa a atisaye kusan lita ɗaya ce ta zufa, a mayar da lita ɗaya da rabi kafin dare. In babu, fitsari ne alƙali: ya yi kalar shayi, ruwa ya yi ƙaranci. Koko da ƙosai sun isa kafin atisaye, wake da shinkafa da ƙwai ko fura da nono sun isa bayansa, cikin awa ɗaya zuwa biyu. Barci shi ne aka fi zalunta. Ɗan 13 zuwa 18 yana buƙatar awa takwas zuwa goma. Wanda zai tashi huɗu da rabi don asuba, takwas da rabi ta same shi a kwance. In yana wurin shan ataya yana kallon wasan Turai har sha ɗaya, ko yana danna waya yana duba tikitin caca, duk atisayen mako ya zube a ƙasa. Tramadol kuwa, da wasu manyan yara ke raɗa wa ƙanana cewa yana hana gajiya, ban da kamun da yake yi, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun farkon 2024.

Da azumi kada a rufe fili, kada kuma a yi kamar ba a san ana yi ba. Minti 45 zuwa awa ɗaya kafin shan ruwa, aikin ƙafa da dabara kawai, ba gudun ƙure numfashi. Atisaye mai nauyi, in akwai fili mai fitila, sai bayan asham, sau biyu a mako ya wadatar.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ainihin juriyar ana ganin ta ne a daƙiƙa biyar da ke bin kuskure. Kowa a ƙasar nan ya san daren 2 ga Yuli 2010 a Johannesburg, wasan Ghana da Uruguay a gasar kofin duniya: Luis Suárez na Uruguay ya tare ƙwallo da hannu a kan layi, Asamoah Gyan ya buga fenaritin da zai kai Ghana wasan kusa da na ƙarshe, ta daki ƙarfen sama. Abin da ya kamata a riƙa nuna wa yara shi ne abin da ya faru bayan 'yan mintoci. Da aka zo bugun raba gardama, shi ya fara fitowa wa Ghana, ya aje ƙwallo a wurin nan dai, ya ci. An fitar da Ghana duk da haka. Amma tafiyar nan daga tsakiyar fili zuwa ɗigon fenariti abu ne da ake iya koya wa yaro, kamar yadda ake koya masa tarar ƙwallo da ƙirji.

Ga yadda ake yi. Kowane yaro ya sami ɗan tsarinsa na bayan kuskure, mai gaɓa uku: numfashi ɗaya mai tsawo, shaƙa ta hanci a fitar a hankali, kalma ɗaya da zai faɗa wa kansa, wani "ta wuce" yake cewa, wani "bismillah", sai ya ɗaga kai ya nemi aikinsa na gaba, wa zan tsare, ina zan tsaya. A atisaye ake sabawa da shi, kuma sai koci ya ƙirƙiro kuskuren da gangan. Minti goma na ƙarshe, a raba su huɗu-huɗu a fili mai taku 30 da 20, a ce wa ɓangare ɗaya an ci ku biyu, saura minti biyar. Ko a cire musu mutum ɗaya. Ko koci ya riƙe usur ya yanke hukuncin da kowa ya ga ba daidai ba ne, ya zuba ido ya ga wa zai tsaya gardama, wa zai koma wurinsa. Amma sai an gaya musu tun farko cewa akwai irin wannan gwajin, in ba haka ba zalunci za su ɗauke shi, kuma da gaskiyarsu. A auna wahalar yadda za su yi nasara kamar sau shida ko bakwai cikin goma. In kullum suna ci, ba su koyi komai ba. In kullum suna faɗuwa, zuciya ce ke mutuwa.

A ɗauki ɗan shekara 14 da ya zubar da fenariti a wasan kolts. An tashi, yana zaune a gefen fili ya ja riga ya rufe fuska, manyan unguwa na wucewa suna jefa masa magana. Kocin kirki ba zai yi masa wa'azi a nan ba. Zai miƙa masa ruwa, ya bar shi ya huce, sai a hanyar komawa ya jera da shi.

"Koci, ka yi haƙuri."

"Kafin ka taho, wane gefe ka zaɓa?"

"Hagu, Koci. Da na ga gola ya motsa sai na canza."

"To ka ga inda take. Ƙafarka lafiya lau. Ranar Talata kai za ka fara bugawa, kuma inda ka zaɓa nan za ka sa ta."

An mayar masa da abin kunya ya zama abin gyara, an kuma sa masa rana. Haka yabo: "kai gwani ne" ba ya ƙara wa yaro komai, hasali ma yana sa shi gudun duk abin da zai nuna shi ba gwani ba ne. "Na ga da ka rasa ƙwallo ka bi ta har ka ƙwato" shi ne yabon da zai iya maimaitawa gobe. Bitar wasa kuwa a bar ta sai atisaye na gaba, minti goma a zaune a ƙasa, tambaya uku: me ya yi kyau, me ya lalace, wane abu ɗaya za mu gyara yau. Yara su fara magana, koci ya zo ƙarshe. Makon farko shiru za ka ji, domin yaron da aka tarbiyyantar kada ya ɗaga ido gaban babba ba zai buɗe baki rana ɗaya ba. Kada koci ya cike shirun da nasa surutun. A raba su uku-uku su tattauna, kowane rukuni ya turo mutum ɗaya.

Ta wannan ƙofar shugabanci ke shigowa. Abin da aka saba shi ne a ɗaura kambu a hannun wanda ya fi kowa tsawo, ko wanda ya fi cin ƙwallo, ko ɗan Alhajin da ya sayi riguna, ya yi shekara uku yana zaɓen gefen fili da jefa kwabo, shi ke nan. A ƙasa da shekara 15 kambu ya riƙa zagayawa, wata ɗaya-ɗaya ko duk wasa huɗu, har mai shiru-shirun nan ya ɗana. Daga 15 zuwa sama a bar yara su zaɓi mutum uku ko huɗu ta hanyar rubuta suna a takarda a ɓoye, koci ya fitar da kyaftin daga cikinsu. Sau da yawa sunan da zai fito ba wanda koci ya zata ba ne.

Kambun kuma ya zo da aiki na gaske, wanda in ba a yi shi ba kowa zai ji a jikinsa. Wani ke ƙirga ƙwallaye da rigunan atisaye kafin da bayan an tashi. Wani ke da alhakin ruwa. Wani ke jan ɗumama jiki. Wani ke riƙe da rajistar zuwa. Wani ke duba lokaci ya ce an kusa kiran salla, a tattara. Ranar da mai ruwa ya manta, kada koci ya zaro kuɗi a aljihu ya rufa masa asiri a ɓoye. A sayo ruwan, don ba a wasa da ƙishirwa, amma ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya ce ni na manta, ga abin da zan yi kada a sake. Abin da ba a ba yaro shi ne ikon hukunta yaro. Da zarar kyaftin ya sami damar sa wani tsallen kwaɗo ko aiken ƙanana wankin takalminsa, an koma mulkin siniya irin na makarantun kwana, ƙanana kuma za su haɗiye suna jiran ranar da za su rama a kan na bayansu. Hausawa sun ce babba juji ne; kyaftin shi ke zuwa farko, shi ke tafiya ƙarshe.

Magana a fili ma koyar da ita ake yi. Suna, sannan umarni gajere: "bayanka", "juya", "saki", "riƙe", "fito". Ba zagi, ba ɗaga hannu sama don nuna wa 'yan kallo laifin wani ne. A hutun rabin lokaci, minti biyu na farko ruwa da numfashi, ba mai magana; minti uku na kyaftin da mataimakansa; sannan koci ya kawo gyara biyu, kada ya wuce biyu. Wajen alƙalin wasa kuwa kyaftin kaɗai ke zuwa, hannu a baya, tsarin da aka gani a gasar Turai ta 2024. Mai neman misali ya duba wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a Alƙahira a 2009: an ba Daniel Addo jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, yaran Ghana ƙarƙashin koci Sellas Tetteh suka riƙe Brazil da mutum goma har ƙarshen ƙarin lokaci, suka ɗauki kofin a bugun fenariti. André Ayew da ke sanye da kambu shekararsa 19.

Aikin kyaftin da ya fi kowanne tasiri a wajen fili yake. Yaro ya yi fashin atisaye biyu a jere, sai a tura kyaftin gidansu, ba da tuhuma ba. Ya yi sallama a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaida uwar: "Mma, ina wuni. Koci ne ya ce in zo in duba ɗan'uwana, kwana biyu ba mu gan shi ba." A nan ake jin gaskiya: takalmi ne ya yage yana jin kunya, ko an tura shi tsaron shago a kasuwar Kejetia, ko uban ne ya hana saboda sakamakon jarrabawa. Haka wanda ya ji rauni: kada a bar shi a gida wata biyu yana kallon rufi. Ya zo fili ya riƙe littafin gajiya, ko ya ƙirga sau nawa aka rasa ƙwallo a tsakiya. Yaran da ke ɓacewa bayan rauni yawanci kaɗaici ne ya kore su kafin ciwon.

Makaranta fa? Dokar "ba ka ci jarrabawa ba, ba ka buga wasa" tana da daɗin faɗi, amma wanda take kora shi ne wanda ya fi buƙatar fili, kuma ba ɗakin karatu zai nufa ba. Gara a ɗaura sharaɗin a kan abin da ke hannun yaron: zuwa aji da yin aikin gida. Koci ya ga katin sakamako duk ƙarshen zangon karatu, ya sami lambar malamin ajin, ya kuma je ya gaida malamin makaranta ya ji ranakun da ba ya son a taɓa. 'Yan ajin ƙarshe, wata biyu kafin BECE ko WASSCE, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare ko babba, a mayar da su atisaye biyu a mako maimakon a dakatar da su ɗungurungum. Ga masu gudu, takardar WASSCE ita ce tikitin. Joseph Paul Amoah daga Prempeh ya bi ta jami'a a Amurka kafin ya ci zinaren mita 200 a wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024. Benjamin Azamati yana ɗalibi a Texas ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.97 a 2021, ya karya tarihin ƙasa da ya shekara 22. Ba jami'ar da za ta ɗauki mai gudu ba sakamako. A ɗaya gefen kuma ga Nii Odartey Lamptey, gwarzon gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya a 1991, wanda ya tafi ƙungiyar Anderlecht ta Belgium yana yaro, ya sa hannu a takardun da bai iya karantawa ba, aka ci guminsa. Daga baya makaranta ya buɗe.

'Yan mata duk abin da aka faɗa ya shafe su, da ƙari. Aikin gida ya fi yawa a kansu, don haka sai an je an zauna da uwa an yanke ranaku da lokacin dawowa, kafin magariba ba bayanta ba. Mace babba ta kasance a fili kowane atisaye da kowace tafiya. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi samun mata, saboda haka koyon dira da lanƙwasa gwiwa wajibi ne a kansu. Yarinyar da ke yawan haki da kasala a duba jininta, wadda al'adarta ta ɗauke wata uku ana tsakiyar atisaye mai nauyi a kai ta asibiti. Hijabi ba ya hana wasa, dokar ƙwallo ta amince da shi tun 2014. Uban da ke shakka a tuna masa Mukarama Abdulai daga Tamale, wadda ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Uruguay a 2018, da ƙwallo bakwai.

Saura abu biyu da manya ke yi da hannunsu su rushe duk abin da aka gina. Na farko rage shekaru. Ɗan 17 da aka yi wa katin 14 zai yi ta ture ƙanana yana cin ƙwallo, bai koyi dabara ba don ƙarfi ya isar masa, ranar da ya haɗu da sa'anninsa kuma sai a neme shi a rasa. Ya kuma tare wa ɗan 14 na gaskiya wuri. Tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17. Kuma kocin da ya koya wa yaro ƙarya a kan ranar haihuwarsa, da wane baki zai ce masa ya faɗi gaskiya in ƙwallo ta taɓa hannunsa?

Na biyu mai jaka da ke zuwa da labarin gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, a kawo kuɗin biza da na jirgi. An sayar da fili da keken ɗinki a kan irin wannan. Dokar FIFA ta hana kai yaro ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Mohammed Kudus, ɗan Nima, daga ƙungiyar Strong Tower ya shiga makarantar ƙwallo ta Right to Dream yana ɗan 12, ya yi shekara shida yana karatu yana wasa, sai a 2018, shekarar da ya cika 18, ya fara buga wa Nordsjælland ta Denmark. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan jirgi. Duk takardar gayyata a kai ta ofishin hukumar ƙwallo ta yankin Ashanti a tantance, a nemi lasisin wakilin, kuma kada uba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan abin da wani nasa mai karatu bai karanta masa ba.

Kowane yaro ya sami fayil ɗinsa a wurin ƙungiya: kwafin takardar haihuwa, katin awon asibiti na jarirai in uwar ta adana shi, don shi ne shaidar shekarun da ta fi wuyar murɗawa, katin inshorar lafiya da bai ƙare ba, rukunin jini, lambar waya biyu ta gida, da katin rajistarsa na hukumar ƙwallo. Wannan na ƙarshen kuɗi ne a kwance. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma da rajista ake bin sawu. Ƙungiyar kolts da ta yi shekara huɗu tana saya wa yaro ruwa da takalmi ba ta yi masa kati ba, sunanta ba zai fito a lissafin ba.